Barkono, Tattasai Da Attarugu: Daga Gadon Reno Zuwa Tukunya

 A wannan mako zancenmu a kan kayan miya ne, watau barkono da tattasai da attarugu.

Kowa ya san hirar da akan yi a bakin kasuwa da cikin gidaje daga watan Mayu zuwa Yuli. Uwargida tana cewa kuɗin cefane ba ya isa, maigida yana cewa ai kwanan nan ya ƙara, mai kayan miya kuwa yana rantsuwa shi ma da tsada ya saro. Amma a tsakiyar rani manomi ne ke kuka, don kaya sun cika kasuwa har suna ruɓewa cikin kwando. Dukansu kuwa gaskiya suka faɗa.

Ga dalili. Amfanin lambun rani yakan ƙare idan bazara ta tsananta, gama in zafi ya kai digiri 32 zuwa 35, furen barkono yakan zube bai ƙulla 'ya'ya ba, ruwan fadama kuma ya ja baya. Na damina kuwa ba ya shigowa sai wajen Agusta ko Satumba. Tsakanin nan ne tsada take. Abin da zai rage ta abu biyu ne: a yi renon iri da wuri kuma da kyau, sa'an nan a iya shanya da ajiya, don yalwar rani ta cike giɓin damina.

ASALINSA DA IRE-IRENSA

Barkono baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga Meksiko da Kudancin Amurka ne. Bayan tafiyar Kolombos ta 1492 aka kai shi Turai, daga nan fataken Fotugal suka bazu da shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da Indiya. Kafin zuwansa kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji. Yanzu ya zama ɗan gida, ana noma shi a fadamun Haɗeja, da filayen Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, da bakin kogin Komadugu a jihar Difa ta Nijar, inda busasshen tattasai ya zama babbar hajar mutanen wurin.

Tattasai mai kaurin jiki ne, yana ba miya launi da kauri, yajinsa kaɗan ne. Attarugu yana da ƙanshi da yaji mai ƙarfi, amma ya fi saurin lalacewa. Ƙaramin barkono da shambo su ne suka fi sauƙin shanya. Saboda haka kafin mutum ya shuka, sai ya san ko ɗanye zai sayar ko busasshe.

GADON RENO

Tun ran gini ran zane. Gonar barkono a gadon reno take gyaruwa ko ta ɓaci. A ɗebi iri daga 'ya'yan da suka nuna jawur a jikin tushe mai lafiya, a shanya shi a inuwa. Kada a ɗebi iri daga tattasan da aka noma kusa da barkono mai yaji, domin ƙudan zuma sukan haɗa furensu, sai shukar baɗi ta fito da yajin da ba a nema ba. Irin kamfani da aka rubuta F1 a takardarsa kuwa ba a ajiye 'ya'yansa don iri, sai a sake saye kowace shekara.

A ɗaga gado faɗin mita ɗaya, a gauraya ƙasarsa da takin gida wanda ya ruɓe sarai. Kafin shuka, a tara kara da busasshiyar ciyawa a kansa a ƙone, don zafin ya rage cututtukan da ke cikin ƙasa da irin ciyayi. A ja layuka, tsakaninsu faɗin tafin hannu, a zuba iri sama-sama, zurfinsa kada ya wuce santimita ɗaya. A rufe da ciyawa, a riƙa ba da ruwa safe da yamma da gwangwani mai huji-huji. Tsiro yakan fito cikin mako ɗaya zuwa uku, attarugu ne ya fi jinkiri. Da zarar ya fito sai a kwashe ciyawar, a yi masa 'yar rumfa. In tsiro ya yi cunkoso, ko ruwa ya yi yawa, za ka ga ƙananan suna ruɓewa daga gindi suna kwantawa. Maganin wannan a rage ruwa, a sassabe cunkoson.

Mai son riga jama'a shiga kasuwar damina ba ya jiran ruwan sama. Sai ya yi gadonsa kusa da rijiya tun watan Afrilu, don da damina ta zauna a watan Yuni dashensa ya riga ya isa. Mai noman rani kuwa ya yi nasa cikin Satumba ko Oktoba, don shukar ta yi ƙarfi kafin sanyin hunturu, ta kuma yi 'ya'ya kafin zafin bazara.

DASHE DA TAKI

Dashe yakan isa bayan mako biyar zuwa bakwai, sa'ad da ya yi ganye huɗu zuwa shida. Saura mako guda a cire rumfar, a rage ruwa, don ya saba da rana. A yi dashe da yamma, a ciro shi da ƙasar gindinsa, a ba shi ruwa nan take. A bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 45, watau kamu ɗaya, tsakanin tushe da tushe. Da wannan tazara hekta ɗaya takan ɗauki tushe wajen 29,600.

Barkono ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, ba ya kuma son ƙishi. Wanda ya bar gona ta bushe ƙaƙas sa'an nan ya malale ta da ruwa, zai ga ƙasan 'ya'yan tattasai yana yin baƙi yana ruɓewa. Bayan mako biyu da dashe, a sa takin zamani NPK cikin murfin kwalba ɗaya ga kowane tushe, nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa. Idan fure ya soma, a ƙara yuriya kaɗan. Yawan yuriya ganye yake sa wa, ba 'ya'ya ba.

Kada a dasa barkono inda aka cire tumatir, ko gauta, ko yalo, ko dankalin Turawa, ko taba, gama dangi ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya. A bi shi da dawa, ko gero, ko masara, ko albasa, har shekara biyu ko uku kafin a komo. In ka ga ganye yana nannaɗewa yana yin rawaya-rawaya, tushen kuma ya tsumbure, wannan cuta ce da darɓa da farin ƙuda ke ɗaukowa daga tushe zuwa tushe. Feshi ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. A tumɓuke shi a ƙone, a yaƙi ƙwarin. Wanda ya yi feshi kuma ya karanta kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar, kada ya tsinka kafin su cika.

SHANYA DA AJIYA

A nan ne mafi yawan hasara take, a nan ne kuma riba take. Wanda za a shanya sai ya nuna sosai. A tsinke shi da ɗan sandansa, bayan raɓa ta bushe, a ware ruɓaɓɓe da wanda tsutsa ta huda. Kada a baza shi a ƙasa ko a bakin kwalta, inda ƙura da hayaƙin mota da awaki za su bi ta kansa. A shimfiɗa tabarma ko tamfol, ko a ɗaura gadon kara, a baza shi ba tudu, a riƙa juyawa. Da yamma a kwashe ko a rufe saboda raɓa. Tattasai mai kauri gara a tsaga shi biyu. Da rani yakan bushe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Alamar ya bushe ita ce in ka girgiza shi ka ji ƙwayoyin suna kaɗawa, in ka lanƙwasa ya karye.

Me ya sa muke nanata wannan? Saboda funfuna. Barkonon da aka ɗure da sauran danshi yakan yi funfuna daga ciki, wata funfunar kuwa tana fid da guba da ake kira afalatoksin, wadda ke ɓata hanta, har ta kai ga sankarar hanta. An gane wannan guba ne bayan shekarar 1960, da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Ba ta da ɗanɗano, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su karɓar busasshen barkono in ta wuce kashi 10 cikin biliyan ɗaya. Don haka masu yayyafa wa busasshen barkono ruwa kafin ɗuri, don kada ya farfashe ko don ya ƙara nauyi, su sani cuta suke ɗura wa jama'a.

A zuba shi cikin buhu mai tsabta, a jera buhunan bisa katako, nesa da bango, a ɗaki marar yoyo. A riƙa dubawa kowane wata, in an ji ya yi laushi a sake fid da shi rana. Kada a barbaɗa masa maganin ƙwarin gona.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Wanda zai sayi ɗanye ya shanya don ya jira tsada, ya fara yin lissafi. Ƙaramin barkonon da ya nuna sosai, wajen kashi 75 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. In aka shanya kilo 100 har ruwan ya koma kashi 10, abin da zai rage kilo 28 ne. Watau sai kuɗin kilo na busasshe ya kusa ninka na ɗanye sau huɗu kafin uwar kuɗi ta fita. Tattasai kuwa ruwansa wajen kashi 90 ne, kilo 100 zai ba da kilo 11 kawai, watau ninki tara. Ba a ma sa kuɗin buhu da leburanci da mota ba tukuna. Kowa ya auna kwando ɗaya kafin shanya da bayanta, ya rubuta, don ya san nasa lissafin tun bai zuba jarinsa ba.

CEFANE DA KAYAN GIRKI

Ga mai albashi, dabara ita ce ya sayi busasshen tattasai da barkono cikin rani lokacin da suke araha, ya ajiye na damina. Gara a sayi ɗan ƙwaya a daka a gida da a sayi garin da ba a san abin da ke cikinsa ba. A fasa biyu ko uku a duba cikinsu. In an ga baƙi ko kore-kore, ko an ji warin danshi, a bar shi ko da kyauta ne, gama araha ba ta ado.

Dutsen niƙa da turmi suna nan, amma yau yawancin gidaje injin markaɗe suke kai wa, wasu kuma suna da bilenda. Mai kai markaɗe ya tafi da ruwansa mai tsabta, ya kuma ga an wanke injin, musamman in an wasa ƙarafan niƙan ba da daɗewa ba, don markaɗen farko yakan kwaso garin ƙarfe. Busasshen tattasai a jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin a sa a bilenda, in ba haka ba zai dushe wuƙar ya wahal da injin. Markaɗe yana saurin tsami, saboda haka a tafasa shi ran da aka yi shi. Wanda ya ƙanƙare a firiji, aka ɗauke wuta ya narke ya kwana, kada a sake ƙanƙarar da shi.

Ɗanyen tattasai da attarugu ba su son sanyin da ya gaza digiri 7, sai fatarsu ta lotsa ta yi ruwa. A sa su a akwatin ƙasa na firiji, a bushe, ba a wanke ba. Wanda ba shi da firiji kuwa ya yi tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka wannan ke sanyaya kayan miya. Ta fi aiki da rani, da damina kuwa ƙarfinta yakan ragu saboda laimar iska.

Yawancin yajin barkono a farar tantanin cikinsa yake, inda ƙwayoyin suke manne. Mai dafa wa yara ko tsofaffi sai ta cire wannan. Abin da ke kawo yajin ba ya narkewa a ruwa, sai a maiƙo, shi ya sa nono ko madara suka fi ruwa kashe shi a baki. Jan tattasai ɗanye ya fi lemo yawan bitamin C, amma shanya da doguwar dafuwa suna rage shi ƙwarai. Saboda haka ko da busasshe ake miya, yana da kyau a yanka ɗanye ɗaya a zuba dab da saukewa.

Mai neman ƙarin bayani a kan iri ko cuta, sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda kusa da Kano. Wanda ya yi reno a kan kari, ya shanya bisa tsabta, ya ajiye a bushe, shi zai ci ribar wahalarsa, gidansa kuma ba zai ji zafin tsadar damina kamar na maƙwabta ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a abin da muka noma. Amin.