Darasi: Me ke saura a cikin kwamfuta bayan an kashe ta?

A ikilisiyoyi da ƙungiyoyin manoma da yawa a yankin Tsiga, Bakori da Malumfashi, littafin magatakarda ya koma cikin kwamfuta ko wayar hannu. A ciki akwai sunayen gwauraye da marayun da aka ba taimako, da bashin takin da kowa ya ɗauka, da lambobin BVN da NIN, wani lokaci har da sunan mai karɓar maganin ƙanjamau. Mutane sun ba da waɗannan bisa amana. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke binciken wa ke da kuɗi, jerin waɗanda suka sayar da buhunan masara ba abin wasa ba ne.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Na ɗaya kamar rumbu yake: faifan ajiya ne, abin da aka zuba yana nan ko da wuta ko babu. Na biyu kamar masussuka yake, inda ake baza hatsi lokacin aiki. Masu gyara suna kiransa RAM. Duk abin da muka buɗe, nan ake baza shi. Ko da mun kulle rumbun da kalmar sirri, mabuɗin yana ajiye a masussukar muddin injin yana aiki.

An daɗe ana zaton da zarar wuta ta yanke, RAM yakan manta da kome nan take. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka suka nuna ba haka ba ne. Bayanan sukan dushe ne a hankali, cikin daƙiƙoƙi, wani lokaci har mintoci. Da suka fesa wa RAM iskar gwangwani mai tsananin sanyi, suka tarar bayan minti 10 kusan kome yana nan. Ta haka suka kwashe mabuɗan BitLocker da FileVault, wato makullan Windows da na Apple.

Domin wannan ne wasu masu tsara manhaja suka sa a riƙa share masussuka kafin a tashi. Manhajar Tails, wadda ta fito a 2009, takan bi RAM ta rubuta wani abu a kan tsohon bayani duk lokacin da aka kashe injin, ko aka zare filashin da take ciki. 'Yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a suna aiki da ita.

Gaskiya, da wuya ɓarawo ya zo Tsiga da gwangwanin sanyaya RAM. Haɗarinmu ya fi wannan kusa. Yawancinmu murfin kwamfuta kawai muke rufewa, mu sa ta a jaka, mu aiki yaro ya kai ta wurin mai caji. Wannan barci ne take yi, ba a kashe ta ba. RAM yana shan batir, kome yana baje yadda muka bar shi, in kuwa ba mu sa kalmar sirri ba, duk wanda ya ɗaga murfin zai karanta.

Saboda haka mu kashe ta sarai kafin ta bar hannunmu. Tun daga Windows 8 na 2012, danna Shut down kaɗai yakan adana wani sashe na aikin injin a faifai domin ya tashi da sauri. In muka riƙe maɓallin Shift muna dannawa, zai mutu ɗungum. Sai mu jira mintoci kaɗan kafin mu miƙa ta.

Waya ma haka take. Kun lura in aka kashe Tecno ko Infinix aka sāke kunnawa, ba ta karɓar zanen yatsa sai an buga lambar sirri? Dalili shi ne mabuɗin bai koma RAM ba tukuna, kuma a wannan hali ne wayar ta fi wuyar fasawa. Ma'aji mai tafiya kasuwar Funtua da asusun ƙungiya a waya, gara ya kashe ta a hanya.

Amma mu lura, kashe inji ba ya taɓa rumbu. Takardar da aka jefa a kwandon shara na kwamfuta, mai gyara yana iya dawo da ita. Kafin a sayar da waya ko a ba wani kyauta, a kwafe abin da ake bukata, a cire sim da memori, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wanda ya je shagon buga takardu da jerin sunaye kuwa, ya tsaya ya ga an goge shi, ya kuma fita daga akwatin imel ɗinsa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa batun lafiyar mutum cikin bayanan da ake bi da su da ƙarin kulawa.

A taron kwamiti mai zuwa, ku tambayi juna: injuna nawa ne ke ɗauke da sunayen mutanenmu, kuma a hannun wa kowanne ke kwana?