Daren da Jaririya Ta Ɓace a Gindin Uluru

'Ya'yana da jikokina, ku matso in ba ku labarin wata ƙasa mai nisa. Na daɗe ina riƙe da shi a rai, kuma duk sanda na ji ana cigiyar yaro ta lasifikar masallaci sai ya dawo mini sabo.

A tsakiyar ƙasar Ostireliya akwai wani jan dutse mai suna Uluru, wanda Turawa suka daɗe suna kira Ayers Rock. Tsayinsa mita 348, yana tsaye shi kaɗai a cikin jeji mai jan rairayi. A da, masu yawon buɗe ido kan je su kafa tanti a gindinsa su kwana. A watan Agusta na 1980 wani fasto, Michael Chamberlain, da matarsa Lindy suka taso daga garin Mount Isa da 'ya'yansu uku. Biyu maza ne, ɗan shekara shida da ɗan shekara huɗu. Ta ukun jaririya ce, Azaria, satinta tara a duniya. A lissafinmu, uwar ba ta daɗe da yin arba'in ba.

Ran Lahadi 17 ga wata, bayan duhu ya shigo, Lindy ta shayar da 'yar, ta kwantar da ita a cikin tanti kusa da yayanta ƙarami wanda ya riga ya yi barci. Ta koma wurin da ake gasa abinci, 'yan taku kaɗan daga tantin, inda mijinta ke hira da wasu baƙi da suka haɗu a ranar. Ba a ja zif ɗin ƙofar ba. Can sai aka ji ɗan kukan jariri, ya yanke. Wata mata daga cikin baƙin ma ta ji shi, kuma ta tsaya a kan maganarta har gaban alƙali. Lindy ta nufi tantin, ta ga karen daji, irin wanda suke kira dingo, yana fitowa. Ta faɗa ciki, shimfiɗar babu kowa, ta fito tana kururuwa cewa dingo ya ɗauke mata 'ya. Mutum wajen ɗari uku suka bazu cikin sanyin daren da tocila a hannu. Ba a ga yarinyar ba. Bayan mako guda aka tsinci kayan jikinta da jini, kilomita kaɗan daga zangon. Gawar kuwa har yau ba a same ta ba.

Ku lura da yadda abin ya faru, domin ba a wurin da babu kowa ba ne. Uwa na kusa, uba na kusa, ga baƙi, ga wuta tana ci, kuma duka-duka mintoci ne. A iya abin da na gani a rayuwa, yaro ya fi ɓacewa a inda manya suka yi yawa. Mukan ce ɗa na kowa ne, magana ce mai kyau, amma a wurin taro ita ce ke sa uwa ta ɗauka yana wurin goggonsa, goggo ta ɗauka yana wurin yayarsa, ita kuma yayar tana can tana kallon masu kiɗa. Mu ma muna da namu zangunan: gidan biki da aka kwana a tsakar gida, tashar mota idan dare ya yi wa matafiya, mashekarin makiyaya, bukkokin masunta a bakin ruwa, sansanin 'yan gudun hijira, har tantunan Mina. Idan kun sauka a irin waɗannan wurare da ƙaramin yaro, kada ku bar shi a hannun jama'a. Ku kira sunan mutum ɗaya. "Wance, ga shi nan a hannunki." Ku tsaya sai ta ce ta karɓa. In za ta tashi, ita ma ta miƙa shi ga wani da baki. Ba rashin yarda ba ne, kuma duk wanda ya ji haushin haka bai taɓa neman yaro da daddare ba.

Akwai wani abu da ya fi ba ni takaici a farkon labarin nan. Shugaban masu gadin wurin, Derek Roff, ya daɗe yana rubuta wa na gaba da shi cewa karnukan nan sun daina tsoron mutane, domin baƙi suna jefa musu abinci, kuma wata rana za a yi ɓarna. Ba a ɗauki mataki ba. Mutanen da suka gaji wannan ƙasa kaka da kakanni, 'yan ƙabilar Anangu, suna da gwanayen bin sawu. Sun duba rairayi, sun ga sawun kare, sun ga alamar an ja wani abu an ajiye. Maganarsu ba ta samu nauyin da ta cancanta ba, saboda ba su riƙe da takardar jami'a. Saboda haka in kun sauka baƙon wuri, ku gaida na gida ku tambaye su: ina rijiya, ina kududdufi, wace dabba ke yawo da dare, ina ne ba a barin yara su je? Tsohon da ke zaune a gindin bishiya ya san abin da taswirar wayarku ba ta sani ba.

In kuma, Allah ya kiyaye, an duba ba a ga yaro ba, to ba lokacin faɗa ba ne, ba kuma lokacin jin kunyar tayar da mutane ba ne. A ta da kowa nan take. A fara da inda ruwa yake da inda rami yake, don su ne ba sa jira. A bar mutum ɗaya a wurin da aka gan shi na ƙarshe, kada a tattake sawu da gudu. A sanar da mai unguwa da 'yan sanda a daren, a faɗi irin rigar da ke jikinsa. A duba kusa kafin nesa, domin ƙaramin yaro in ya tsorata yakan laɓe, ihun manya ma ƙara firgita shi yake yi. Na taɓa ganin an kwana ana zagaye unguwa a wani bikin danginmu, ashe yaron yana bayan buhunan hatsi yana barci. Mun yi hamdala. Amma kafin asuba, ni da kunnena na ji abin da aka riƙa faɗa a kan uwarsa da kishiyar uwarsa, kuma wasu daga cikin maganganun ba su goge ba har yau. Wannan ne ya kawo ni ga abin da na tara ku dominsa.

Binciken farko da aka yi a garin Alice Springs, wanda ya ƙare a watan Fabrairu na 1981, ya gaskata Lindy. Mai binciken, Denis Barritt, ya ce dingo ne. Amma bakin mutane ya riga ya yi nisa. Iyalin mabiya wata ɗariƙar Kirista ce da ke ibada ran Asabar, wadda yawancin jama'a ba su san ta sosai ba, sai aka ce ai tsafi suke yi. Aka yaɗa cewa ma'anar sunan Azaria ita ce hadaya a jeji, alhali sunan na nufin wadda Allah ya taimaka. Aka ce an taɓa ganin jaririyar da baƙar riga. Aka ce dingo bai taɓa yin haka ba. Babban laifinta a idon jama'a kuwa shi ne fuskarta: ta tsaya gaban kyamara tana bayani dalla-dalla, ba ta faɗi tana birgima ba. Suka ce uwar da ta rasa ɗa ba haka take ba.

'Ya'yana, in wasu sun jahilci wannan, mu bai kamata mu jahilce shi ba. Mun tashi mun ga iyayenmu mata ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane. Mun ga Bafulatana an ce mata ɗanta ya rasu, ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya ji ƙansa, ta ci gaba da abin da take yi, sai dare ya raba a ji shessheƙarta a bayan bukka. Wa zai ce ba ta son ɗanta? Alkunya ce, kara ce, wani lokaci kuma tsananin firgici ne ke busar da ido. Wata in masifa ta same ta kuka take yi, wata surutu, wata shiru, wata ma ta kama shara da wanke-wanke kamar ba abin da ya faru. Babu wanda aka ba ma'aunin hawaye.

Aka soke binciken farko, aka sake sabo, aka kai ta kotu a birnin Darwin. Masu gabatar da ƙara suka ce ta yanka 'yarta da almakashi a kujerar gaban motarsu, ta ɓoye gawar a jakar kyamara, ta gyara jikinta ta dawo cikin mutane, duk a cikin 'yan mintoci. Babu gawa, babu wanda ya gani, babu dalilin da zai sa ta yi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce wani tabo a cikin motar, wanda masu gwaji suka rantse jinin jariri ne. Ran 29 ga Oktoba 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai, tana da tsohon ciki. Mijin aka same shi da laifin rufa mata asiri, aka ba shi ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka. A watan Nuwamba ta haihu tana tsare, 'ya mace, aka raba su. Ku tsaya ku auna wannan: an ɗauke mata ɗaya a jeji, an karɓe ɗaya a ɗakin haihuwa. Ta ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli ta ƙasar, a 1984 aka kori ƙarar.

Tun farko ta faɗa cewa jaririyar na sanye da wata 'yar rigar saƙa a saman kayanta. Ba a ga rigar cikin abin da aka tsinta ba, sai aka ce ƙarya ta shirya. A farkon 1986 wani baƙo ɗan Ingila ya faɗo daga kan dutsen ya mutu. Garin neman sassan gawarsa, a wani wuri mai ramukan dingo, aka ci karo da 'yar rigar nan a cikin ƙasa. Duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ya san ba yau riga ta fara ba da shaida ba. Ran 7 ga Fabrairu aka sake ta, bayan ta shafe kimanin shekara uku a gidan yari. Hukumar bincike ƙarƙashin Mai shari'a Trevor Morling ta zauna, ta fitar da rahoto a 1987. Tabon nan da ke ƙarƙashin gaban motar, wanda aka ce feshin jini ne, ashe wani sinadari ne da kamfani ke fesawa don rage ƙarar mota. Ran 15 ga Satumba 1988 kotu ta wanke su duka biyun. A 1992 aka biya su diyyar dala miliyan 1.3 ta ƙasar, amma kafin nan auren ya riga ya mutu, a 1991. Kuɗi ba ya mayar wa yaro shekarun da ya yi yana jin ana kiran uwarsa mai kisan kai a filin makaranta.

Duk da haka wasu ba su saki zargin ba. Sai da dingo suka kashe wani yaro ɗan shekara tara a tsibirin Fraser a 2001, aka kuma tara labaran hare-hare da yawa, sannan jikin masu musu ya yi sanyi. Ran 12 ga Yuni 2012 mai bincike Elizabeth Morris ta yanke cewa dingo ne ya ɗauke Azaria ya kashe ta, aka gyara takardar shaidar mutuwarta, ta kuma yi wa iyayen ta'aziyya a zauren kotu. Kusan shekara 32 ke nan kafin hukuma ta dawo ta tsaya a kan abin da uwar ta faɗa a minti na farko.

A lokacin da aka fara zargin Lindy babu Facebook, babu WhatsApp. Jarida ce da talabijin da hirar teburin shayi, amma kun ga abin da suka iya. Yau kowannenku yana riƙe da abin da ya fi wannan sauri a aljihu. Yaro zai ɓata da safe, kafin azahar an saka hoton kishiya ko ɗan aiki ko wani baƙo mai wucewa, an rubuta "ga ɓarawon yara". Kun sha jin inda aka taru a kan mutum da duwatsu da sanduna, daga baya aka gane bai san hawa ba bai san sauka ba. Ban ce babu mugaye ba. Akwai masu satar yara, akwai ma na cikin gida da ke cutar da su, kuma dole hukuma ta binciki kowa, har iyaye. In ka ga wani abu da idonka, kai shi inda za a yi aiki da shi, ka tsaya ka ba da shaida ko da kan ɗan'uwanka ne. Abin da nake hana ku shi ne "an ce" da "wai" da "ni dai fuskarta ba ta yi mini ba". Magana zarar bunu ce. Uwar Muminai Nana A'isha ma a zango aka tashi aka bar ta, ta tsaya neman abin wuyanta, 'yan ƙage suka samu abin faɗa har kusan wata guda, sai da wahayi ya sauka a Suratun Nur ya wanke ta, ya kuma tsawatar wa waɗanda suka riƙa karɓar zancen daga baki zuwa baki.

Don haka ina roƙonku, ran da kuka ji an ce ɗan wance ya ɓata, mai ƙarfi ya ɗauki tocila ya bi masu nema. Wadda ba ta iya fita ta je ta zauna kusa da uwar, ta ba ta ruwa, ta kama mata sauran yaran, kada ta tambaye ta ina take har aka yi haka, domin ita ma tambayar da ke cin ta ke nan. Wanda ke da waya ya yaɗa hoton yaron da lambar da za a kira, ya tsaya nan. Allah ya tsare mana zuri'a, ya bayyana waɗanda ake nema, ya sanyaya zuciyar iyayen da har yau ba su san inda 'ya'yansu suka kwanta ba.