Yadda Ake Ajiye Hoto da Bayaninsa

'Yan'uwana ɗalibai, in kun tarar da hoton wani aji a akwatin makaranta, ba suna, ba shekara, me za ku koya wa yara da shi?

A rumbun bayanai na kwamfuta kowane hoto yana da layinsa, kamar yadda kowane yaro yake da nasa a rajista. Akan ba shi lamba, sa'an nan a cika gurabe: ranar ɗauka, wuri, da sunayen mutanen ciki daga hagu zuwa dama. Sau da yawa hoton kansa yana wata ma'ajiya dabam, layin nan adireshinsa kaɗai ya riƙe. Wanda ya sake wa hoto suna bai gyara layin ba, ya raba su ke nan.

Gurbin wuri shi ya fi wuya. Jalingo ta shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Taraba a 1991. To, hoton 1980 fa? Ku rubuta Gongola, ku ƙara Taraba a gefe, domin mai nema da sunan yau ya same shi. Wayar hannu takan rubuta rana da kanta, amma sunayen mutane sai an tambayi tsofaffin malamai tun suna nan.