Rabilu Daban, Ibro Daban

'Ya'yana da jikokina na Ɗankaza, da na Indabo da Utai da Lajawa, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, zance nake so mu yi a kan mutumin da kowannenku ya san muryarsa, har waɗanda aka haifa bayan ƙasa ta rufe masa ido, wato Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ibro. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci.

Abin da ya sa na ɗauko maganarsa shi ne abin da nake gani da la'asar a gindin darbejiya. Ɗaya ya riƙe waya, ɗaya ya ja hula har kunne, ya karkace baki, ya maƙale murya yana son ta fito irin ta marigayi, sauran suna gefe suna ƙyaƙyatawa, a ɗauka a ɗora a TikTok. Ban ƙi wannan ba. Yaron da ya iya sa mutane dariya Allah Ya ba shi baiwa, kuma gara ya yi ta a fili da ya ɓuya a kango yana shan abin da zai kashe masa hankali. Sai dai na lura Ibro kaɗai kuke kwaikwayo. Rabilu kuwa ba ku san shi ba, alhali shi ne ya ƙera Ibro da hannunsa.

Ibro shi ne mai jar hular nan, sarkin kwaɗayi, mai cika baki a gaban mata, wanda ke ranta a na kare da zarar ya hango sanda. Rabilu yaro ne da aka haifa a Ɗanlasan ta ƙasar Warawa a shekarar 1971, maƙwabcinmu na kusa. A can ya yi firamare, sannan ya zo nan Wudil ya shiga Kwalejin Horon Malamai. A 1991 ya kama aikin gidan yari, ya sa kaki a matsayin gandiroba, ya shekara takwas yana yi, har ya kai muƙamin sufeto kafin ya ajiye. Fim ɗin da ya fara fito da shi, 'Yar Mai Ganye, na wajen 1997 ne. To ku yi lissafi da kanku. Ya fara fitowa a kaset yana da albashinsa a hannu, bai cire kakin ba sai da ya ga sabuwar sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Bai saki reshe ya kama ganye ba.

Wannan wurin nake so yaron da ke shirin barin makaranta saboda mutum dubu goma sun kalli bidiyonsa ya tsaya ya yi tunani. Haka wanda ya fara raina zuwa wajen maigidansa a garejin gyaran babur ko shagon ɗinki, don an fara kiran sa da sunan wasa a hanya. Magabatan Ibro ma ba daga zaman banza suka fito ba. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, sai da ya yi soja na gaske kafin ya yi sojan wasa a rediyo da talabijin na Kaduna, shi ya sa tsawarsa da hausarsa ta bariki suka zauna daram. Ƙasimu Yero na Zariya da Karkuzu na Jos sun daɗe suna gogewa a wasan talabijin tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon finafinan bidiyo na Hausa daga kansa.

A ganina, aikin da Rabilu ya yi kafin fim shi ne rabin ilimin wasansa. Gandiroba yana wuni da mutane iri-iri: ɓarawon akuya, da wanda bashi ya kawo, da ɗan daba, da dattijon da rigimar gona ta jefa ciki. Yana jin yadda mai laifi ke rantsuwa, yana ganin yadda mai gaskiya ke rasa bakin magana. Ku haɗa wannan da tashi a ƙasar Wudil, inda duk ranar Juma'a kara ke cika da shanu, Bafulatani ya zo da sandarsa a kafaɗa, dillali yana riƙe da hannun mai saye a ƙarƙashin riga ana ciniki, mahauci da ɗan kamasho da fatake daga Kudu kowa da irin hausarsa, direbobin Maiduguri suna tsallaka gada suna danna oda. Wanda ya buɗe ido da kunne a irin wannan wuri ba zai rasa abin faɗa ba har ya tsufa. Da ya fito a Bafulatani, ko ɗan sanda, ko direba, ko malamin tsibbu, abin da ke sa mu riƙe ciki shi ne mun san mutumin. Mun taɓa zama da shi a benci ɗaya a tasha.

Ku da kuka tashi da waya a hannu ba ku san yadda kallo yake a wancan zamani ba. Rumfa ce ta zana ko ta langa-langa, janareta na ruri a baya, talabijin ɗaya a kan tebur, akwatin bidiyo an lulluɓe shi da tsumma saboda ƙura. Yara a ƙasa kan tabarma, manya a benci. In zaren kaset ya sarƙe sai mai gidan kallo ya zaro shi, ya sa biro ya naɗe a hankali, kowa ya yi tsit yana jira. Da jar hular ta leƙo, tun bai buɗe baki ba rumfar ta kaure. Har tsofaffin da ke cewa su ba sa kallon fim za ka gan su a bakin ƙofa, sun fake da neman jikokinsu.

Kuma dariyar ba holoƙo ba ce. A cikin shirmen nan yake faɗa wa mai kuɗi rowarsa, ya faɗa wa ɗan siyasa ƙaryarsa, ya nuna wa magidanci yadda yake kunyata kansa in ya zalunci iyali. Har al'amuran duniya bai bari ba. Bayan harin da aka kai Amurka a 2001 ya yi Ibro Usama, da Awilo ya cika gari da kiɗansa ya yi Ibro Awilo. Abin da ake taɗi a kai a teburin mai shayi, shi yake mayarwa wasa. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Su Kulu da Yautai da Ciroki da Daushe da Bosho duk sun yi aiki tare da shi, wani ya jefa magana wani ya cafe. Barkwanci aikin gayya ne. In ɗaya daga cikinku ya fi sauran suna, kada ya manta da mai riƙe masa waya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya same shi a 2008, don akwai karatu a ciki. A lokacin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta matsa wa 'yan fim lamba ƙwarai. Aka gurfanar da Ibro gaban kotun tafi-da-gidanka a kan fim ɗin Ibro Aloko, bisa tuhumar da ta shafi rajista da tacewa, aka yanke masa wata biyu a gidan yari. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin ce ta jawo, don ana ganin shaguɓe ce ga gwamnan wancan zamani, Malam Ibrahim Shekarau. Ko ma mene ne, mutumin da ya shekara takwas yana riƙe da makulli sai ga shi an kulle ƙofa yana ciki. Ni dai abin ya taɓa mini zuciya, kuma har yau ina ganin hukuncin ya yi tsauri. Ya fito ya ci gaba da sana'arsa, jama'a ba su juya masa baya ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Duk sana'ar da ake yi da baki a gaban jama'a tana da masu jin haushinta, kuma in za a kama ka, ta inda ka yi sakaci za a biyo. Saboda haka in kun shiga harkar nan da gaske, ku yi rajista, ku ajiye takardunku, ku san dokar wurin da kuke aiki. Ku kuma rarrabe tsakanin zolayar hali da cin mutuncin mutum. A yi wasa da rowa, kowa zai yi dariya, har marowacin. Amma ka ɗauki hoton tsohon unguwarku ba da saninsa ba, ko ka kwaikwayi mai larurar da Allah Ya ɗora masa, ko ka ambaci 'yar mutane da suna, wannan ba fasaha ba ce, kuma abin da aka ɗora a intanet ba ya gogewa. 'Yan matana, ku wannan ta fi shafa. Duk wanda ya ce zai sa ki a fim, ki ce ya zo gida ya gaida Baba tukuna. Mai gaskiya ba ya gudun zaure.

Sai maganar gida, wadda ita ce ta fi damuna. Ranar Laraba 10 ga Disamba, 2014, Allah Ya karɓi ran Rabilu a Kano bayan fama da ciwon ƙoda, yana gab da cika shekara 43. Ya bar mata huɗu da 'ya'ya fiye da goma. Mu da muke kallo mun yi rashin mai sa mu nishaɗi, su kuwa sun yi rashin mai cefane, mai biyan kuɗin makaranta, mai ɗinkin sallah. Daga cikin 'ya'yan, Hannafi ya bi sawun mahaifinsa a harkar fim, Allah Ya yi masa jagora da shi da 'yan uwansa.

Ku fahimci yadda kuɗin fim yake tafiya a wancan lokaci. Ɗan wasa ana sallamar sa ne sau ɗaya, an gama. Mai shirya fim ya kai kayansa wajen 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata, su buga su rarraba. Kafin a sayar da na gaskiya, masu satar fasaha sun kwafa sun watsa har Maraɗi da Agadas da Kumasi. Daga baya kasuwar faifan ma ta mutu, aka koma tura fim a waya a bakin titi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sannan YouTube ta zo. Yau finafinan tsofaffin 'yan wasa suna yawo ko'ina ana kallo dare da rana, amma sau da yawa ko sisi ba ya isa gidajen waɗanda suka yi gumin. Shi ya sa muka sha jin an fito neman taimako ga dattawan da suka raya mana dare muna yara. Karkuzu, da tsufa da rashin gani suka taru masa, sai da ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya taimaka masa da muhalli. Allah Ya saka masa da alheri, amma ba kowane dattijo ne ke dacewa da irin wannan ba.

To in Allah Ya buɗa wa ɗayanku ta wannan hanya, ina roƙon sa kada kuɗin farko ya tafi a mota da shadda. A sayi gona ko fili, a yi takarda da shaidu a gaban mai unguwa. A ɗaure tumaki biyu a bayan gida. In za a yi aiki da wani, a rubuta wa ke da me, ko da abokin wasan ƙasa ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda kuma ya yi niyyar tara iyali ya tuna cewa in mai 'ya'ya ya rasu, matansa, ko ɗaya ce ko huɗu ne, tumuni ɗaya suke rabawa a tsakaninsu. Abin da zai riƙe su bayan haka shi ne karatun da aka ba yara da sana'ar da aka bar mace ta koya tun maigida yana raye. Kada ku hana matanku sana'a, kada ku cire 'ya mace daga makaranta don an ga kuɗi ya shigo.

Ban so in rufe ba tare da na taɓo ciwon da ya ɗauke shi ba, don ya yi yawa a ƙasar nan, daga Kano har Haɗeja da Gashuwa. Ƙoda ba ta yin ƙara in ta fara lalacewa. Sau da yawa sai ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa da safe, fitsari ya canza, sannan a farga, a lokacin kuwa an makara. Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kai mutum can, sai yawan haɗiyar ƙwayoyin kashe ciwon jiki ba da izinin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a mota da lasifika ba a san abin da ke ciki ba. Wanda ya kai ga wankin ƙoda, sau biyu ko uku ake so a yi masa a mako, kuma kuɗin yana iya cinye gona da gida cikin 'yan watanni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana yin wankin, har dashe ana yi, amma layi ne mai tsawo da ba na yi wa kowa fatan shiga.

Ku da kuke wuni a rana, a gona ko ɗibar yashi a bakin kogi ko a kan babur, ku riƙa shan ruwa sosai, ku rage ƙwayar da kuke sha don a ƙara ƙarfin aiki. Ranar Juma'a in kun shiga Wudil cin kasuwa, ku biya ta asibiti a auna muku jini da suga, awon ba ya cin lokaci. Ku tafi da iyayenku maza, don su ne ba sa yarda su je da kansu.