Sauye-sauyen Sha'awar Kiɗa da Waƙa a Ƙasar Hausa: Daga Fada zuwa Situdiyo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda sha'awar Hausawa game da kiɗa da waƙa ta riƙa sauyawa tun daga zamanin da fada da sana'a ke riƙe da makaɗa har zuwa yau da ake haɗa waƙa a situdiyo a watsa ta ta wayar hannu. An bi hanyar bibiyar tarihi tare da kwatanta sigogin waƙoƙin kowane zango. Maƙalar ta nuna cewa abubuwa uku ne ke juya akalar sha'awa: wanda ke ɗaukar nauyin makaɗi, da kafar da waƙa ke bi ta isa kunne, da matsayin mai sauraro ta fuskar shekaru da zamantakewa. Haka kuma ta nuna cewa yabo da amshi da girmama kalma suna nan daram duk da sauyin kayan kiɗa.

Fitilun kalmomi: sha'awa, makaɗan baka, nanaye, situdiyo, awon baka

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tambayar da karin maganar ba ta amsa ba ita ce: me ke sauya kiɗan kansa? An saba jin dattawa na kukan cewa waƙa ta mutu tun rasuwar Alhaji Mamman Shata a 1999, matasa kuma na ganin kiɗan kotso da taushi kayan tarihi ne. Wannan saɓani ya shigo har cikin ɗakunan karatu, inda wasu manazarta ke ɗaukar waƙoƙin situdiyo a matsayin gurɓacewar adabi, wasu kuma ke kallon su a matsayin ci gaba. Hukuncin da aka tsaya a kai shi zai fayyace abin da za a koyar a sassan Hausa na jami'o'i da abin da za a taskace wa na baya. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin sauyin domin gano dalilansa kafin a yanke masa hukunci.

2.0 Ma'anar Sha'awa a Wannan Nazari

Abin da ake nufi da sha'awa a nan shi ne ma'aunin da jama'a ke amfani da shi wajen fifita wata waƙa a kan wata, su neme ta, su biya kuɗi dominta, su haddace ta. Wannan ma'auni na mutum ɗaya ne ta wata fuska, na al'umma ne ta wata fuskar. Kunne yana son abin da ya saba da shi, sabo kuwa muhalli ke samar da shi. Don haka nazarin sha'awa ba ya rabuwa da nazarin tattalin arziki da addini da fasahar sadarwa.

3.0 Zangunan Sauyi

3.1 Zangon Fada da Sana'a

A tsarin gargajiya, kiɗa yana bin matsayi ne. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne, kuma littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yammata a dandali, gangar noma ta manoma ce, garaya ta mafarauta da 'yan bori, shantu da ƙwarya kuwa na mata ne a cikin gida. Ƙamus ɗin da Ames da King suka wallafa a 1971 ya nuna irin wannan ɗamfaruwa da ke tsakanin kowane kiɗa da muhallinsa. A irin wannan yanayi mutum ba ya zaɓen kiɗa kamar yadda ake zaɓe a yau. Yana tashi ne ya tarar da kiɗan gidansu.

Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru sun yi waƙa ne domin kunnen ubangida da fadawansa, mutanen da suka san nasaba da tarihin yaƙe-yaƙe da gasar da ke tsakanin 'ya'yan sarki. Shi ya sa ma'aunin gwaninta a wurinsu ya zama zurfin zambo da habaici da kirari. Addini ma ya sa hannu wajen tsara kunne tun da wuri. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan da ya soka. Bayan jihadin 1804 rubutacciyar waƙa ta wa'azi da madahu, wadda ake rerawa ba tare da kiɗa ba, ta samu martabar da waƙar makaɗa ba ta samu ba a idon malamai.

3.2 Zangon Garmaho da Rediyo da Kaset

Na'urar ɗaukar murya ce ta fara raba waƙa da muhallinta. Da faifan garmaho ya shigo, sai ga talaka yana sauraron waƙar sarki a shagon tela, malami kuma yana jin goge ba tare da ya taka wurin da ake yin sa ba. Kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ya faɗaɗa wannan lamari, domin muryarsa ta riƙa kai waƙar Sakkwato zuwa Bauci, ta ƙetare iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Daga nan aka fara samun mai sauraro wanda ke son waƙa saboda daɗinta kawai, ba don tana da alaƙa da sana'arsa ko ubangidansa ba.

A daidai wannan lokaci ikon sarakuna ya riƙa raguwa. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun hukumomin En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage musu ƙarfi. Arzikin man fetur na shekarun 1970 kuma ya samar da sababbin iyayen gida: 'yan kwangila da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da hafsoshin soja. Shata ya ɗauki kalangu, kiɗan da a da ba a shiga fada da shi, ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya gaji kotso, ya fita daga da'irar fada ɗaya ya waƙe 'yan siyasa da masu kuɗi. Ɗanmaraya Jos ya zauna shi kaɗai da kuntigi yana waƙar ɗan adam da halin zaman duniya, Haruna Uji ya yi soyayya da gurmi, Barmani Coge kuma ta fitar da amada daga tsakar gida zuwa bainar jama'a. Kaset ya sauƙaƙa kwafi da rahusa, har waƙa ta zama abokiyar tafiyar direban babbar mota.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ake kira ginshiƙan gargajiya a yau, masu kawo sabon abu ne a zamaninsu. Kukuma da goge sun daɗe ana danganta su da gidajen shaƙatawa, iyaye na hana 'ya'yansu kusantar su. Rediyo da tsawon zamani ne suka wanke su.

3.3 Zangon Fim da Fiyano

Tun daga shekarun 1950 gidajen silima na biranen Arewa ke nuna finafinan Indiya, kuma kunnen matasan birni ya daɗe yana shan karinsu. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge sun ɗora kalmomin Hausa a kan karin Indiya tun kafin zuwan bidiyo. Masu bege da bandiri a Kano ma sun yi haka wajen yabon Annabi (SAW), kamar yadda Brian Larkin ya nazarta. Saboda haka lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a 1990, an riga an share fili. Zuwa 1999, da fim ɗin Sangaya ya yi tashe, waƙa ta zama abin da ke sayar da fim. Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan aro da yadda aka Hausantar da shi.

Fiyano, musamman ƙirar Yamaha, ya maye gurbin ƙungiyar makaɗa. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya yana fitar da amon ganga da sarewa da goge. Waƙar da aka laƙaba wa suna nanaye ta sanya namiji da mace suna musayar baitoci a kan soyayya, jigon da a da ya fi zama a bakin 'yammata a dandali. Masu sayen kaset ɗin kuwa akasarinsu matasa ne da matan aure da ke cikin gida, wato rukunin da makaɗan fada ba su taɓa yin waƙa dominsa ba. Wannan sauyi ya haɗu da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, lamarin da ya nuna cewa sha'awar jama'a da yardar hukuma ba kullum suke tafiya tare ba.

3.4 Zangon Wayar Hannu

Katin ajiya na waya da masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa sun karya kasuwar kaset da faifan CD. Mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita sun samu suna da kansu, ba a inuwar jaruman fim ba. Masu salon hip-hop irin su Classiq da DJ AB sun shigo da gambizar Hausa da Ingilishi. Da kuɗin sayar da faifai ya ƙafe, sai mawaƙi ya koma ga biki da siyasa da tallan kamfanoni da abin da YouTube ke biya. Waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta bazu a 2020 ta hanyar gajerun bidiyoyin da mata suka riƙa ɗauka suna rawa, abin da ke nuna cewa mai sauraro ya zama mai watsawa.

4.0 Abin da Ya Sauya a Jikin Waƙa

Na farko shi ne dangantakar kalma da kari. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu yana iya kwaikwayon magana saboda matsa tsarkiyarsa na ɗaga amo ko sauke shi. A wurin makaɗin baka, kalma ce ke jan kiɗa. A situdiyo kuwa sau da yawa ana fara haɗa kiɗa ne, sannan a ɗora kalmomi, wanda kan sa a ja gajeren wasali ko a karya karin sautin kalma domin ta zauna.

Na biyu shi ne amsa-amo. Makaɗan baka ba su dogara da ƙafiya ba, awonsu yana ga rauji da numfashi da karɓin 'yan amshi. Mawaƙan situdiyo kuwa rubutawa suke yi, kuma da yawansu sun taso daga makarantun Islamiyya inda ake rera ƙasidu. Don haka suka shigo da amsa-amon ciki da na waje da tsarin ƙwar biyu zuwa ƙwar biyar. Ta wannan fuska waƙar zamani jikar rubutacciyar waƙa ce kamar yadda take jikar waƙar baka, kuma ayyukan Aminu Ladan Abubakar (Alan Waƙa) shaida ne a kan haka.

Na uku shi ne tsawo. Tsohon faifan garmaho yana ɗaukar kimanin minti 3 a kowace fuska, kaset yana ɗaukar minti 60 ko 90, wanda ya ba makaɗi damar jero ɗiya masu yawa. Manhajar TikTok kuwa ta fi son gajerun bidiyoyi. Sakamakon haka gindin waƙa ya rinjayi ɗiyanta, domin shi ne abin da ake yankowa a watsa.

5.0 Abin da Bai Sauya Ba

Duk da waɗannan sauye-sauye, yabo yana nan a matsayin babban turke. Abin da Dauda Kahutu Rarara ke yi wa 'yan siyasa na kambamawa da zambo ga abokan hamayya, tsari ne da makaɗan fada suka shimfiɗa. Naɗin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya yi wa Naziru M. Ahmad na Sarkin Waƙa a 2018 ya nuna cewa fada ta karɓi fiyano kamar yadda ta karɓi kalangu a baya. Tsarin jagora da amshi bai gushe ba, haka ma liƙi a wurin biki. Har gobe kuma idan Bahaushe zai yabi mawaƙi, cewa yake yi ya iya Hausa, ko waƙarsa tana da ma'ana.

Akwai kuma sauyin da ke faruwa a rayuwar mutum ɗaya. Saurayi yana neman waƙar da za ta faɗa masa abin da ke zuciyarsa, ta kuma bambanta shi da iyayensa. Idan ya yi iyali, ya ɗanɗana rashi da bashi da butulcin aboki, sai habaicin Narambaɗa da nasihar Ɗanmaraya su fara yi masa ma'ana, domin fahimtarsu tana buƙatar sanin duniya. Sai dai ba ya watsar da waƙoƙin ƙuruciyarsa. Waɗanda suka yi samartaka a zamanin Sangaya su ne iyaye a yau, kuma su ne ke kiran waƙoƙin wancan lokaci masu ma'ana, suna kushe na 'ya'yansu. Wannan na nuna cewa wani kaso na kukan lalacewar waƙa begen ƙuruciya ne, ba hukuncin adabi ba.

6.0 Abin da Ke Gaban Manazarta

Matakan da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), wato salsala da turke da awon baka da salo, an gina su ne a kan waƙar da ake aiwatarwa a gaban jama'a. Waƙar situdiyo tana da marubuci da mai rerawa da mai haɗa kiɗa da mai tace murya, kuma kowannensu yana da hannu a abin da kunne ke ji. Ana buƙatar faɗaɗa matakan domin su ƙunshi aikin waɗannan mutane, a kuma auna waƙar da ma'aunin rubutacciyar waƙa a inda ya dace.

Batun taskacewa ma yana buƙatar gaggawa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, waƙar da ke kan katin waya kuwa tana ɓacewa ba tare da sanin shekararta ko wanda ya haɗa kiɗanta ba. Idan manazarta suka jira sai zamani ya wanke nanaye kamar yadda ya wanke kukuma, za su tarar da yawancinta ta salwanta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi sauyin sha'awar kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa ta zanguna huɗu. An ga cewa duk lokacin da mai ɗaukar nauyin makaɗi ya sauya, jigo yakan sauya, duk lokacin da kafar watsawa ta sauya kuma, siga da tsawo sukan sauya. An kuma ga cewa abin da wani zamani ya ƙyamata shi wani zamanin ke kira gado. Aikin manazarci shi ne ya bayyana dalilin da ya sa jama'a suka so abin da suka so, ya tantance gwani daga wanda ba gwani ba a cikin kowane zango da ma'aunin da ya dace da shi, ya kuma adana duka domin masu zuwa.