Sauya Matatar Hayaƙi a Greensboro

Tun daga shekarar 1975, yawancin motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da matatar hayaƙi a jikin bututun salansa. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, waɗanda ke rage dafin hayaƙi kafin ya fita. Makanikan Nijeriya kuwa "indomi" suke ce mata.

A Greensboro, cikin gundumar Guilford ta jihar North Carolina, akan duba mota kowace shekara kafin a sabunta rajistarta, kuma mai dubawa yakan leƙa ya ga ko matatar tana nan. Dokar tarayya ta 1990 ta hana kowa cire ta, har da mai motar kansa.

Wahalar ta fi yawa ga wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi ko ya faɗaɗa bututu. Dole ne sabuwar matata ta dace da girman injin, da faɗin bututun, da shekarar da aka ƙera motar, a kuma ɗaura ta daidai inda tsohuwar take, tsakanin na'urori biyu masu auna iskar hayaƙi. Mai araha sau da yawa ƙarafanta kaɗan ne. Ba a daɗewa fitilar gargaɗi za ta kama, kwamfutar motar ta nuna lamba P0420.

Makaniken kirki yakan fara binciken abin da ya kashe tsohuwar. In injin yana tura ɗanyen mai cikin bututu, sabuwar ma narkewa za ta yi.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake duba injin kafin a ɗaura sabuwar matata?
2. Yi jimla da "ba a daɗewa".