Tuffa Za Ta Yi a Gonar Kibiya?

Tambaya: Ina da lambu a Kibiya. Na sayo tuffa a kasuwar Rano, na adana 'ya'yanta. In shuka? Kuma wace tuffa ce ta girki?

Amsa: Malam, kada ka dogara da waɗannan 'ya'yan. Tuffa ba ta gadon uwarta ta ƙwaya, sai an yi mata aure kamar mangwaro. Asalinta duwatsun Kazakistan ne, kuma yawancin nau'o'inta sai sun sha sanyi na ɗaruruwan awoyi ƙasa da digiri 7 kafin su yi fure. Hunturunmu bai kai nan ba, shi ya sa a Najeriya ake jarraba ta a tsaunukan Jos da Mambila. In ka nace, nemi dashen nau'in Anna, mai haƙuri da zafi, ka fara da biyu ko uku, kada ka sare gwaibarka dominta.

Game da ta girki kuwa, mafi yawan tuffar da ke shigowa kasuwar 'Yan Lemo daga Afirka ta Kudu take. Koriyar nan mai tsami, Granny Smith, a Ostareliya ta samo asali a 1868. Ita ce ta girki, domin ba ta saurin narkewa a wuta. Royal Gala mai ja-ja ta fi zaƙi; a wanke ta, a ba yara da ɓawonta.